Yaro Ya Tasa, A Ina Zai Kwana?

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Daura, kamar yadda na saba, domin sada zumunci da kallon hawa. Kwana biyu bayan sallah, da aka idar da la'asar, wani ƙanena ma'aikacin gwamnati ya ja ni gefe ya ce yana da shawara. Na ɗauka maganar fili ce ko ta ƙarin aure, domin su ne shawarwarin da aka fi kawo wa yayye a irin wannan lokaci. Sai na ga ya zaro waya ya nuna mini hoton wani ɗaki: gado mai siffar mota, bango shuɗi an zane shi da taurari, ga kabad mai launi uku, ga wani lallausan kafet da ko gani ka yi ka san bai taɓa haɗuwa da ƙurar hunturu ba. Ya ce, "Yaya, uwar yaran nan ce ta matsa sai an yi wa babban irin wannan. Shekararsa tara, har yanzu a ɗakinta yake kwana tare da ƙannensa uku." Ya aika wa wani kafinta a Kano hoton, kuɗin da aka yanka masa ya haura albashinsa na wata huɗu, yana kuma tunanin cin bashi a ƙungiyar adashin wurin aikinsu.

Na ce masa mai ɗakinsa ta yi gaskiya da ta ce yaron ya wuce kwana a wurinta, hasali ma an makara, amma wannan hoto ba zai raba shi da matsalar ba, sai dai ya ƙara masa wata. Tun daga ranar nake ta juya maganar, domin na lura ba gidan ƙanena kaɗai ta shafa ba. Ta shafi yawancinmu da muka yi boko, muka kama aikin albashi, muka gina gidajen bulo a bayan gari.

Da yake harshe ne sana'ata, mai karatu zai yi mini uzuri in fara daga kalmar kanta. A Hausa, ɗaki na mace ne. Idan aka ce "mai ɗakina" matar aure ake nufi. Idan aka yi wa amarya addu'a, cewa ake Allah Ya zaunar da ita a ɗakinta, in kuma aure ya mutu aka sasanta, sai a ce ta koma ɗakinta. 'Ya'yan mace ɗaya a gidan mata da yawa "'yan ɗaki ɗaya" ne. Wadda ke ɗaukar nauyin wani uwar ɗakinsa ce, ko da ba ta taɓa ba shi wurin kwana ba. Kayan ɗaki kuwa, kowa ya sani, su ne abin da iyaye ke tarawa shekara da shekaru don ranar da za a kai 'yarsu gidan miji, ba wanda zai ji an ce kayan ɗaki ya kawo yaro ɗan shekara tara a ransa. Maigida ma ba a cika cewa yana da ɗaki ba, turaka yake da ita. Saboda haka "ɗakin yara" baƙon furuci ne a bakin Bahaushe, ya shigo tare da zanen gidajen ma'aikata da finafinai, daga baya wayar hannu ta ƙarasa yaɗa shi. Baƙunta ba laifi ba ce, kalmomi da yawa da muke alfahari da su yau baƙi ne jiya. Abin lura shi ne mun ɗauki kalmar da hotonta, ba mu tsaya mun tambayi kanmu wane gurbi za ta cike ba.

Domin kuwa gidan Bahaushe na dā yana da tsarinsa na ciyar da yaro gaba daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, ba tare da an sayi komai ba. Jariri yana bayan uwarsa da rana, yana gefenta da dare. Idan ya kai wajen shekara biyu aka zo yaye, sai a kai shi wurin kaka ko gwaggo, wani ya yi kwanaki ya dawo, wani kuma ya zauna ke nan. Duk wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya ga yadda yaye da riƙo ke zagaya yara a tsakanin dangi a ƙasar Zazzau, kuma haka abin yake a Daura da kewayenta. Namiji in an yi masa kaciya, a wajen shekara bakwai, ya fara jan jiki daga ɗakin mata, ya koma shigifa ko zaure tare da yayyensa da almajiran gidan. In ya zama saurayi a yanka masa ɗan ɗaki kusa da ƙofar gida. Mace kuma tana wurin kaka ko wata dattijuwar gida har ranar da za a kai ta nata ɗakin. Wanda ya shiga tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fadar Sarki da rijiyar Kusugu zai tarar da sauran gidajen da har yanzu ginin nasu ke faɗin wannan tsari: zaure, sa'an nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kafin a kai cikin gida. Kowane mataki na gini yana da masu kwana a cikinsa.

Ba ina cewa wancan zamani aljanna ba ne. Na kwana a zaure, na san sanyinsa, na san kuɗin cizonsa, na san yadda babba ke janye bargo ya bar ƙarami da tsuma. Amma akwai ido a kanmu. Maigida ta nan yake wucewa in zai fita asuba, ta nan yake shigowa bayan lisha, ya ƙirga kawuna ko bai ce komai ba.

To, me muka yi mu 'yan boko? Mun rushe zaure muka sa get. Kaka tana can tsohon gida, mu muna sabuwar unguwa. A madadinsu muka gina falo biyu, na maigida da na uwargida, wani ma har uku. Na sha shiga gidajen abokan aiki, a Katsina da Kano da Daura, in ga falon baƙi wanda zai ɗauki mutum talatin, an zuba kujerun da aka biya da bashin shekara guda, ba a buɗe shi sai da sallah ko ranar suna, alhali yara shida, maza da mata, daga mai shekara uku har mai sha huɗu, suna cunkushe a ɗaki ɗaya kan katifa biyu. Ba talauci ne ya jawo wannan ba, domin mai gidan nan ya fi ubansa samu nesa ba kusa ba. Lissafi ne ya karkata: mun ba baƙon da zai yi awa guda fili, mun hana wanda zai yi shekara ashirin.

Inda kuma aka tuna da namiji ya girma, sau da yawa sai a yi abin da ya fi muni, wato a ba shi shagon da ƙofarsa ke kallon titi, a miƙa masa makulli, a ce an huta. Wannan ya yi kama da ɗakin samarin dā a ido kawai. Na dā yana kan hanyar maigida, na yanzu ya ba gidan baya. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da ya tona yadda matasa ke shan sa, iyaye da yawa sun yi ta salati suna tambayar a ina 'ya'yansu suka koya. Amsar ba ta da nisa, wani lokaci taku goma ne daga turakar mai tambayar.

Addininmu bai bar wannan magana a buɗe ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda kowane ɗan Islamiyya ya haddace, ya haɗa umarnin koya wa yara sallah tun suna da shekara bakwai da umarnin raba musu wurin kwanciya. Malamai sun tattauna ko rabawar daga bakwai take farawa ko daga goma, amma ba su yi saɓani a kan cewa abin nema ne ba. Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne kalmar da aka yi amfani da ita makwanci take nufi, wato inda mutum ke sa haƙarƙarinsa, ba gini mai bango huɗu ba. Wannan sauƙi ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi: tabarma biyu da mayafi biyu sun fara sauke nauyin. Haka nan aya ta 58 a Suratun Nur ta koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan lisha. Ina tambaya, yaron da a cikin ɗakin yake kwana, a wace ƙofa zai tsaya ya nemi izinin?

Akwai kuma wani ɓangare da ban ji iyaye suna ambatawa ba, alhali shi ne ke kai mu asibiti. Ranar da aka fitar da yaro daga gadon uwarsa, yawanci ranar ce aka fitar da shi daga gidan sauro, domin gidan sauron yana rataye a kan gadon uwa da jariri. Kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana rabawa da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, Jihar Katsina kuma tana cikin wuraren farko da aka fara gwada shi a Najeriya, ana ba da shi ne ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ke nan da zarar yaro ya cika shekara biyar ya fita daga lissafin masu rabon magani, ba da jimawa ba kuma ya fita daga cikin gidan sauro, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama ya nuna yara 'yan makaranta su ne suka fi kowa ƙarancin kwana a gidan sauro. Ga shi kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke. Gado mai siffar mota ba ya korar sauro, kuma na duba hoton nan da kyau ban ga inda za a ɗaura igiya ba.

Sai maganar iska. Daura a bakin iyakar Nijar take, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta da annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum dubu goma a Arewacin Najeriya ba, kuma likitoci sun daɗe suna faɗa cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa cutar yaɗuwa. Da hunturu kuma matsalar ta juya: a toshe taga, a kunna gawayi a kasko, a rufe ƙofa yara su kwana, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya yi aikinsa. Ɗakin da ke da taga biyu masu fuskantar juna, da raga a jikinsu, ya fi kowane kafet amfani ga yaro, kuma fasa taga aikin yini ɗaya ne ga magini.

Na san za a ce mini duk wannan ma kuɗi ne, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemo wa kanta daraja, komai ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, a ƙarshen shekarar kuma hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai tarar da kasuwa a inda ya yi zato ba. Mu mutanen ƙasar Daura mun sha namu daban, domin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa harkar Kongolam da kasuwar Mai'aduwa, wadda abincin gidaje da yawa ke fitowa daga cikinta. A irin wannan hali, ma'aikacin da ya ci bashin albashin wata huɗu don ya kwaikwayi hoton da aka ɗauka a wata ƙasa mai sanyi, kitse ya gani a jikin rogo. Bayan shekara uku yaron zai ji kunyar abokansa su ga yana kwana a cikin mota, bashin kuma wataƙila ba a gama biya ba.

Abin da muka yi a gidan ƙanena bai kai a rubuta a jarida ba, in ba don yawan masu irin matsalarsa ba. Akwai wani ɗan ɗaki a gefen kicin da suke kira sito, cike da tsofaffin kwali, da keken ɗinkin da ya mutu, da kwanukan jeren da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Muka sa aka kwashe. Magini ya fasa taga ta biyu. Maganar fenti mun ɗan yi gardama, domin shi mai sheƙi yake so, ni kuma na hana, saboda an sha gwada fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan a samu gubar dalma a cikin wasu, musamman masu launin rawaya da ja, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali. Muka tsaya a kan fentin ruwa fari, wanda ya fi araha, yana kuma sa ɗaki haske. Kakanninmu farar ƙasa suke shafawa, ba su yi asara ba.

Gadon jaririn da yaran gidan huɗu suka yi amfani da shi yana jingine a bayan gida rana na cin sa. Muka kira wani dattijon kafinta na unguwa, ba na Kano ba, ya ƙwanƙwasa katakon ya ce, "Malam, wannan icen ai ya fi wanda ake sayarwa yanzu, kada ku yar." Ya fitar da ɗan teburin karatu daga jikinsa, sauran ya yi kanta mai hawa biyu aka kafa a bango don littattafai da allo da Alƙur'ani. Gado kuwa mai walda ya yi na ƙarfe mai hawa biyu, irin na makarantar kwana, da sanduna huɗu na ɗaura gidan sauro, domin ƙanensa mai shekara shida yana tafe, ba a fafe gora ranar tafiya. Sharaɗin da na kafa shi ne ƙarami a ƙasa, kuma a ja gadon nesa da fanka. Katifa ce kawai muka saya sabuwa, don ta hannu takan zo da baƙin da ba a gayyata ba. Sai fitilar sola ƙarama, saboda wanda ya ga yadda yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a cikin duhu a watan Oktoban 2024 ba zai jingina karatun ɗansa da wutar gwamnati ba. Duka duka abin bai cinye albashin wata ɗaya ba, kuma an yi shi ne kaɗan kaɗan cikin wata biyu.

Inda na fi samun tirjiya shi ne da na tambayi ƙanen nawa, ita kuma yarinyar fa? Tana da shekara bakwai, ita ke bin babban. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai mace ce, tana wurin uwarta." Wannan amsa ita ce ta kowa, kuma a nan ne harshen namu ya yi mana tarko. Tunda ɗakin mace shi ne na gidan mijinta, sai muka ɗauka kafin nan ba ta bukatar ko kusurwa. Uwa za ta fara tara mata kwanuka da zannuwan gado tun tana firamare, saboda ɗakin da za ta shiga bayan shekara goma ko sha biyar, amma ba wanda ya yi tunanin inda za ta ajiye littafinta yau, ko inda za ta sauya tufafi in ta fara zama ƙwaila. Na ga gidajen da budurwa ke jiran baƙin falo su watse ƙarfe sha ɗaya na dare kafin ta shimfiɗa katifarta, da asuba kuma ita ce farkon tashi, sa'an nan mu zo muna mamakin yadda sakamakon jarrabawarta ya faɗi. A dā kaka ce ke rufa wannan asiri. Yanzu da muka bar kaka a cikin gari, wajibi ne kwano goma daga cikin na jere su koma labule da katifa da ɗan akwati. Ban ci nasara gaba ɗaya ba a wannan. An dai raba ɗakin uwar da labule mai kauri, an ba yarinyar gefen taga da nata gidan sauron, ƙanena kuma ya yi alkawarin in an biya su wani ariyas da suke bi zai yanke falon baƙi gida biyu. Na ce masa zan zo in gani da idona.

Ranar da yaron zai fara kwana a ɗakin, mahaifiyarmu ta sa aka ɗauko ta daga cikin gari a Keke Napep, da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi makarantar kwana da ita. Ta sa aka goge tsatsar, ta sayi ƙaramin kwaɗo, ta zura makullin a zare ta rataya wa jikan nata a wuya, ta ce, "To maigida, ka yi ɗaki ka bar ni, sai ka fara kawo cefane." Uwarsa ta gaya mini daga baya cewa daren farko sau biyu yana dawowa ƙofarta, wai ya ji motsi. A dare na uku bai dawo ba. Da ta leƙa da safe ta tarar ya kulle adakar, ta tambaye shi me ke ciki, ya ce ƙwallonsa ne da littafin lissafi da Naira ɗari biyu ta barka da sallah, kuma kada a bari ƙannensa su taɓa.